Darasi Kan Labarin Sarki Alwali da Dirki

Karatu iri biyu ne. Na farko shi ne ka haɗa baƙi da wasali, ka fitar da kalma, ka ce ga abin da aka rubuta. Wannan kun riga kun iya shi. Na biyu shi ne ka gane abin da mai rubutu ya nufa, ko da bai fito fili ya faɗa ba. Shi za mu taɓa a wannan darasi. Kada kowa ya tsorata, don ba baƙon abu ba ne gare ku. Duk wanda ya taɓa taya haja a kasuwar Kurmi, mai kaya ya ce masa, "Albarka," ya san ba addu'a aka yi masa ba, cewa aka yi kuɗinsa bai kai ba. Kunnen da ya gane wannan a kasuwa shi za mu kawo cikin littafi.

Labarin da za mu gwada da shi gajere ne, bai cika shafi guda ba, kuma cikin birnin Kano abin ya faru. Yana cikin littafin Tarihin Kano, wanda aka rubuta da Larabci, aka jera sarakuna 48 a ciki, tun daga Bagauda har zuwa Sarki Muhammadu Bello wanda ya rasu a 1893. Mai littafin bai sa sunansa ba. Wani Bature, Mista Palmer, ya buga shi da Turanci a 1908, daga baya aka juya shi da Hausa a Zariya, cikin littafin Labarun Hausawa da Maƙwabtansu. Zan ba ku shi nan da bakina. Ku karanta shi sau biyu kafin ku wuce gaba.

Labarin

Muhammadu Alwali ɗan Yaji ya ci sarautar Kano a 1781. Shi ne sarki na 43. Da hawansa sai ya shiga tara gero da dawa, don gudun yaƙi da yunwa. Duk da haka yunwa ta same shi.

A lokacin nan akwai wani abu a Kano ana ce da shi Dirki. An fara shi tun zamanin Sarki Muhammadu Zaki, wanda ya yi sarauta daga 1582 zuwa 1618. Wani ƙunshi ne da aka naɗe da fatu, fata bisa fata, ana yanka masa shanu don zaman lafiyar gari. Ran nan sai manyan fada suka tambayi Alwali dalilin da ya sa ya hana shanun Dirki. Ya ce shi ba zai iya ba da shanu 40 saboda Dirki ba. Suka ce suna jin tsoro, domin duk Sarkin Kanon da ya hana shanun nan wani mugun abu zai same shi. Sarki ya fusata. Ya aiki samari da gatura, suka yi ta saran Dirki har abin da ke ciki ya fito. Sai ga Alƙur'ani mai kyau. Sarki ya tambaya ko wannan ne Dirkin. Suka amsa masa cewa shi ne, ai ba wanda bai san Dirki ba.

A zamaninsa ne jama'ar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo suka yi jihadi. Suka kori Alwali daga Kano, ya gudu Zariya. Mutanen Zariya suka tambaye shi abin da ya raba shi da garinsa. Ya ce musu abin da ya fitar da shi daga Kano shi zai fitar da su daga Zariya. Ya ce ya ga gaskiya da idonsa, kuma tsoron ransa ne ya sa ya gudu, ba don mata ko dukiya ba. Suka zage shi, suka kore shi. Ya koma wajen Rano, aka bi shi har Burumburum aka kashe shi, a 1807.

Iyakar labarin ke nan. Mai sauri zai ce, "An yi wani sarki, ya fasa tsafi, aka kore shi, aka kashe shi." Bai yi ƙarya ba, amma ya bar naman ya kwashe romo. Bari mu koma mu duba abu uku: gatse, da alama, da jigo.

Gatse

Kowa ya san gatsen baki. Yaro yana wasa kusa da tukunyar ruwa, uwarsa ta ce, "Yauwa, fasa ta, ai ubanka ne maginin tukwane!" Bakinta ya ce fasa, nufinta kuwa kada ya kuskura. To, ba baki kaɗai ke gatse ba, al'amari ma yana yi. Idan mutum ya yi abu don ya sami fari sai baƙi ya fito, ko ya guje wa abu sai gudun ya kai shi gare shi, wannan shi za mu kira gatsen al'amari. Masu labari suna sonsa ƙwarai, kuma ba su kan nuna shi da yatsa ba. Su kan ajiye abu biyu kusa da juna su yi shiru, su bar mai karatu ya ga saɓanin da kansa.

Ku dubi farkon labarin. Sarki ya tara hatsi don yunwa, yunwa ta same shi. Magana biyu ce, ɗaya na bin ɗaya, ba wani bayani tsakaninsu sai "duk da haka". Mai labari bai ce Sarki wawa ne ba. Ai tanadi hankali ne, kowane manomi a ajin nan ya san amfanin rumbu. Abin da ya yi shi ne ya gyara mana kunne tun daga bakin ƙofa, don mu san cewa a labarin nan dabara ba za ta yi aikinta ba.

Gatsen da ya fi girma yana wurin fasa Dirki. Ku tsaya ku tambayi kanku, da kuna tsaye wurin nan samari suna sara, me za ku zaci zai fito? Wani zai ce maciji, wani ƙasusuwa, wani tarin layu da gashin dabba. Abin da aka shekara wajen 200 ana zuba wa jini, wa zai kawo Alƙur'ani a ransa? Nan gatsen ya yanki kowa, bai bar ko ɗaya ba. Manyan fada suna yanka shanu saboda ƙunshi, alhali kuwa Littafin da ke cikin ƙunshin shi ne ya haramta abin da aka yanka don wanin Allah. Watau abin da su ke bauta wa da yanka shi ke hana yankan. Sarki kuma ya aika a sassare abin da ya raina, ashe kan abin da ya fi kome daraja a ƙasarsa gatarin ke sauka. Masu girmamawa sun yi saɓo cikin girmamawarsu, mai rainawa ya taɓa abin da bai isa ya raina ba.

Ku lura da tambayar da Sarki ya yi, da amsar da aka ba shi. Shi mamaki ne ya sa ya tambaya. Su kuwa sai suka amsa kamar sunan abin ya manta. Ko sun san abin da ke ciki tun da can, ko sun wayance ne don kunya, mai labari bai gaya mana ba, kuma a ganina da gangan ya ƙi faɗa. Da ya faɗa, da tambayar ta mutu nan take. Da ya ke ya yi shiru, ga mu yau muna ta juya ta.

Har wa yau akwai wani. Manyan fada sun ce mugun abu zai sami Sarki, mugun abu kuwa ya same shi. To, gaskiyarsu ke nan? Ku dubi waɗanda suka kore shi. Jama'ar Shehu ne, wanda ya yi hijira daga Degel zuwa Gudu a 1804, bayan ya daɗe yana wa'azi a kan masu gauraya Musulunci da tsafi, masu yanka ga itatuwa da duwatsu. Da a ce wani almajirin Shehu ya ga Dirki ana yi masa yanka, ai shi ma cewa zai yi a bari. Ashe Alwali ya yi abin da abokan gabansa ke kira a yi, amma wannan bai cece shi daga hannunsu ba. Maganar fadawa ta cika, ta hannun mutanen da suka fi kowa ƙin dalilin fadawan.

Na ƙarshe yana Zariya, shi kuwa sai wanda ya san tarihi zai ji shi. Mutumin da aka yi wa gargaɗi a Kano bai ji ba, shi ne ya zama mai gargaɗi a Zariya ba a ji shi ba. Labarin ya tsaya a kan zagin da suka yi masa. Amma duk wanda aka rubuta littafin dominsa ya san abin da ya biyo baya: a 1808 Malam Musa ya ci Zariya, Sarkin Zazzau Makau ya gudu kudu, daga baya ƙanensa Abu Ja ya kafa Abuja, garin da yanzu a ke kira Suleja. Mai labari bai ɓata tawadarsa wajen faɗin wannan ba. Ya san masu sauraronsa za su girgiza kai da kansu.

Alama

Alama ita ce abin da a ke gani da ido, amma yana tsaye a madadin wani abin da ba a gani. In kun ji tambari, ba fata da itace ku ka ji ba, sarauta ku ka ji. In an aiko muku da goro da alewa, kun san ana gayyatarku suna ko ɗaurin aure, ko ɗan aiken bai buɗe baki ba. Haka labari ya kan ɗauki wani abu ya ɗora masa ma'anar da ta fi shi nauyi.

Dirki yana da ciki, yana da waje. Cikinsa Littafi ne, wajensa fatu. Wa ya naɗa fatun? Ba maƙiyan Littafin ba ne. Wanda ya sa fatar farko don ya tsare shi ya sa, na bayansa ya ƙara don girmamawa, na bayansa kuma ya ƙara don ya tarar ana yi. Ba wanda ya yi niyyar ɓoye shi, amma a ƙarshe ya ɓoyu. Rufe littafi da fata kuwa ba laifi ba ne. Sana'ar Kano ce tun da daɗewa: majema su jeme fata, dukawa su ɗinka gafaka, malami ya sa Alƙur'aninsa ciki ya rataya. Bambancin guda ne. Gafaka tana da baki, ana buɗe ta safe da yamma, Dirki kuwa ba shi da baki. Littafi don karatu aka yi shi. Ran da aka rufe shi yadda ba mai iya buɗewa, ya tashi daga aikinsa, ya koma wani abu dabam, ko da ba a taɓa harafi ɗaya a cikinsa ba. Saboda haka na ke ganin Dirki alama ce ta gaskiyar da al'ada ta lulluɓe, har mutane suka riƙe lulluɓin suka manta abin da aka lulluɓe.

Gatarin ma alama ne. Ku tuna, akwai wuƙa a Kano, akwai dukawan da suka san yadda a ke warware ɗinki, akwai malamai. Sarki bai kira ko ɗaya ba. Samari ya aika, da abin faskare, cikin fushi. Da labarin ya ce an tara malamai an buɗe Dirki a hankali, da wani labari ne dabam, da kuma wani Alwali ne dabam. Gatarin ya nuna mana cewa ba neman sani ya kai Sarki ga gaskiyar ba, zuciya ce ta kai shi. Akwai ma wata ruwaya da ta ce mutane sun gaya masa za a fitar da shi daga ƙasar kamar yadda ya fitar da Alƙur'ani daga Dirki. Masu wannan ruwaya sun mai da birnin kansa ƙunshi, Sarki kuma abin da ke ciki.

Sa'an nan ku ajiye rumbun hatsi kusa da Dirki ku duba. Dukansu abin rufewa ne, dukansu an ajiye su don ranar wuya. Ɗaya na Sarki ne, ɗaya na fadawa. Da ranar wuyar ta zo, ba wanda ya tare ta.

Amma fa a yi hattara. Wanda ya fara gane alama ya kan zama kamar yaron da aka saya wa sabuwar fartanya, ko'ina sai ya sara. Ba kowane abu cikin labari ne alama ba. Burumburum gari ne, yana nan kudu da Kano, can aka kashe mutumin, shi ke nan. Shanu 40 kuma lissafi ne na abin da aka nema. Ga yadda za ku gwada: ku cire abin, ku sa wani a gurbinsa. In an ce shanu 30 ne, labarin bai motsa ba. In an ce zinariya aka tarar cikin Dirki, labarin ya rushe gaba ɗaya. Abin da in an taɓa shi labari ya rushe, nan ne ma'ana ta ke kwance.

Jigo

Masu lambu a bakin rafi sun san jigo, sandan nan da a ke ɗaura wa guga, a danna a ɗebo ruwa. Shi ke ɗauke da nauyin aikin duka. Jigon labari shi ne maganar da ke ɗauke da dukan sassansa. In ka ce ga jigo, sa'an nan aka sami wani babban sashe na labarin da bai rataya a kansa ba, to, ba ka same shi ba tukuna.

Wani zai ce jigon labarin nan shi ne kada a bar abin da aka gada, ga Alwali ya bari ya hallaka. Wannan karatun fadawa ne, kuma yana da abin kamawa. Amma me zai ce game da Zariya? Makau bai fasa Dirki ba, aka kore shi. Haka Katsina ta faɗi, haka Daura, haka Alƙalawa babban birnin Gobir a 1808. Ba shanu 40 ne suka kayar da su duka ba. Wani kuma zai ce jigon shi ne tsafi banza ne. Wannan gaskiya ce a kanta, amma in ita kaɗai mai labari ya nufa, don me mai fasa tsafin ne ya ƙare a gudu da zagi da kisa?

Ga nawa ganin. Ku nemi wanda ya ga wani abu a cikin labarin nan, za ku tarar Alwali ne kaɗai. Shi ya hango yunwa ya yi tanadi. Shi ya sa aka buɗe abin da sarakuna da yawa suka wuce ba su buɗe ba. Shi ya gaya wa Zazzagawa abin da ke tafe, har ya ce da idonsa ya ga gaskiya. Amma ko sau ɗaya ganin bai amfane shi ba, bai kuma amfani waɗanda ya gaya wa ba. Littafin yana cikin garinsa tun kafin a haifi kakansa, bai gan shi ba sai da gatari, sai kuma da zamaninsa ya zo ƙarshe. Saboda haka ni na ce jigon shi ne ganin gaskiya a makare. Ku gwada shi da rumbu, da Dirki, da Zariya, ku gani ko akwai wanda ya faɗo. In wani ya kawo jigon da ya fi wannan ɗaukar kaya, a karɓi nasa.

Akwai abin da ya kamata mu tuna game da shi mai labarin. Ya ƙare littafinsa a kan Sarki Bello ɗan Ibrahim Dabo, watau ya yi rubutu ƙarƙashin mulkin waɗanda suka gaji masu korar Alwali, shekara wajen 80 bayan abin ya faru. Da ya so, da ya zana Alwali matsafi, ba mai tuhumarsa. Bai yi haka ba. Bai kuma yabe shi ba, ya nuna fushinsa, ya nuna gudunsa. Sai dai ya sa magana mai cika a bakinsa, ya bar shi ya faɗi tsoronsa ba ɓoye-ɓoye, abin da sarakuna ba su cika yi ba. Ina jin wannan ne ya sa gatse ya yi yawa a labarin. Gatse maganar wanda ba shi da ikon fitowa fili ce, kamar matar da ke habaici a bakin turmi, kishiya tana ji, miji yana ji, amma ba wanda zai ce ga sunan da ta kama. Kuma a farkon wannan littafi, Barbushe na Dutsen Dala ya gaya wa mutanensa cewa wasu za su zo su mallaki ƙasarsu, aka kuwa zo. Wanda ya fara littafinsa da wannan, ya kusa ƙare shi da Alwali a Zariya, ya san abin da ya ke yi.

Aikin aji

Malamin aji ya sa mutum ɗaya ya sake karanta labarin da ƙarfi, saura su rufe littattafansu su saurara. Sa'an nan a tattauna waɗannan. Shin yunwa ce ta sa Alwali ya hana shanun, ko rowa, ko ƙin tsafi? Wace kalma cikin labarin ta goyi bayan amsarku? Da ku ne mutanen Zariya, ɗan gudun hijira ya zo muku da wannan magana, me za ku yi da shi? A ƙarshe kowa ya tuno tatsuniya guda da ya sani tun yana yaro, ko ta Gizo da Ƙoƙi, ko ta 'yar bora da 'yar mowa, ya nemo wuri ɗaya inda abin da aka zata ba shi ya faru ba. Ya rubuta shi cikin layi biyar, ya kawo wa malami a zama na gaba.